Amsoshin Wasiƙunku: An ce ƙanena mutuwar saɓo ya yi a hanyar Libiya

Wasiƙu uku na ware wa filinmu na wannan wata, dukkansu a kan tafiyar haure. Ta farkon ta yi mako guda a aljihun rigata, ina fito da ita ina mayarwa, kafin in iya ɗaukar alƙalami. Kamar yadda muka saba, na cire sunaye, na kuma taƙaita inda aka tsawaita.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar ƙasar Matamaye ce, aure ya kawo ni Daura. Ƙanena da muke ciki ɗaya ya tafi Libiya bayan kakar 2017. Ya jinginar da gonarsa, innarmu ta sayar da bijiminta, aka ranto ciko, aka kai wa wani mutumin garinmu mai haɗa matafiya da direbobin Agadas. Sau ɗaya ya kira ni daga can, ya ce sun sayi jarka da garin kwaki da dabino, gobe za su tashi, in sa shi a addu'a. Bayan wata bakwai wani yaro da suka shiga mota ɗaya ya dawo. Ya ce a dare na uku direba ya hango fitila, ya ce sojoji ne, ya sauke su ya ce zai dawo, bai dawo ba. Da ruwa ya ƙare, masu sauran ƙarfi suka taka da ƙafa. Ya baro ƙanena kwance ya rufe fuska da rawani, da sauran numfashinsa. Da mutane suka zo jaje, wani dattijo ya ce duk wanda ya karya dokar hukuma ya shiga sahara ya jefa kansa cikin halaka, mutuwar saɓo ya yi, daidai yake da wanda ya kashe kansa. Har yau maganar nan tana cin innarmu. Shi kuwa wanda ya karɓi kuɗin ya yi ginin siminti, ya je Makka, a sahun gaba yake salla. Malam, ƙanena ɗan wuta ne? Shi kuma wancan ya ci bulus ke nan? Sannan ga matar ƙanena da yara biyu, ba a ce ta yi takaba ba, ba a ce ta yi aure ba.
Daga wata 'yar'uwa a Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya wa Inna zuciya. Ina roƙonki ki karanta mata wannan amsar da bakinki, a hankali, lokacin da gida ya yi shiru.

Ƙanenki bai kashe kansa ba. Na taɓa yin kwanaki a Agadas, tun kafin a hana sana'ar jigilar matafiya zuwa Libiya, na ga jarkokin nan da idona a bakin tasha. An ɗinke su da buhun algarara don ruwa ya yi sanyi, kowa ya sa an rubuta masa sunansa ko laƙabinsa a jiki da fenti, don kada ta ɓace masa. Na ga yadda ake kakkafa sanduna a bayan Hilux, mutum ya zauna a gefe ƙafafunsa na reto, ya rungume sandar tsakanin cinyoyinsa, domin in barci ya kwashe shi ya faɗo ba lalle a tsaya ba. Mutumin da ya sayi ruwa ya rubuta sunansa a kai, ya sayi dabino, ya kira yayarsa ya ce ta sa shi a addu'a, rayuwa yake nema. Kisan kai a shari'a yana tare da nufin mutuwa, shi kuwa ya fita ne da nufin ya dawo ya fanshi gonarsa ya mayar wa Inna bijiminta. Haɗa su biyun kuskure ne babba.

Ba zan ɓoye miki ɗaya gefen ba. Tafiyar tana da laifi a cikinta. Allah ya umarce mu da biyayya ga majiɓinta lamarinmu a aya ta 59 ta Suratun Nisa'i, kuma dokar da aka kafa don kare rayuka tana cikin abin da ake yi wa biyayya. Aya ta 195 ta Baƙara, wadda dattijon ya dogara da ita, ta hana mu jefa kanmu cikin halaka. Duk saurayin da ya zo ya tambaye ni kafin ya tafi, ce masa nake kada ya je, har in riƙe hannunsa in ya kama. To amma magana da mai shirin tafiya daban, magana a kan wanda ya riga ya faɗi daban. Iyakar abin da za a ce da ƙanenki shi ne ya yi ganganci cikin matsi, ya saɓa wa wata doka ta mutane. Irin wannan yana ƙarƙashin ganin damar Ubangiji, kuma Shi ya san nauyin bashin da ke wuyan yaron, ya san hatsin da ya rage a rumbunsa a shekarar, ya san ƙaryar da aka shirga masa game da hanyar. Ya kuma san abin da ya faɗa a ƙarƙashin rawanin nan lokacin da kowa ya tafi ya bar shi. Mumini in ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri, me kike zato harshensa zai kama in ba kalmar shahada da istigfari ba?

Muslim ya ruwaito labarin wani da ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, sai Allah ya gafarta wa wanen, ya rushe aikin mai rantsuwar. Ban kawo wannan don ku ƙullaci dattijon ba. Mai yiwuwa samarin da ke zaune a wurin yake son tsoratarwa, sai ya zaɓi wurin da bai dace ba da kalmar da ba ta dace ba. Na kawo shi ne don Inna ta san babu mahalukin da aka danƙa wa makullin wuta ko na aljanna.

Ga kuma abin da nake so ta riƙe. Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru cewa wani mutum haifaffen Madina ya rasu a Madina, Annabi (SAW) ya sallace shi, sannan ya yi fatan da ma a wani wuri ya rasu ba mahaifarsa ba. Da aka tambayi dalili, sai ya bayyana cewa mutum in ya mutu a nesa da inda aka haife shi, ana auna masa a aljanna tun daga mahaifarsa har zuwa inda sawunsa ya ƙare. Ba na yanke wa ƙanenki da shahada, wannan ba hurumina ba ne. Amma in da gaske ya cika a can, ki dubi tazarar da ke tsakanin Matamaye da tsakiyar saharar Tenere, ki kyautata wa Allah zato.

Yankinku ya san wannan ciwon tun kafin ƙanenki. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Mafi yawansu daga ƙasar Kance, yankin su Matamaye, suka fito, motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Nijar ta yi zaman makoki na kwana uku. Dangin mahaifiyata a wannan yankin suke, na je gaisuwa a lokacin. Ban manta wani tsoho ba da ya zauna a kan buzu yana lissafa mini nasa da yatsu, surukarsa da jikokinsa, ya kai yatsa na huɗu ya kasa ci gaba, ya sa hannun a cikin riga. A tsakar gidan ga ƙananan takalma a jere a gindin rumbu, ba wanda ya iya ɗauke su. Yaran nan hamsin da biyu a wurin jami'an iyaka baƙin haure ne. Alƙalami kuwa bai hau kansu ba. Suratut Takwir ta ce za a tambayi jaririyar da aka binne da rai, da wane laifi aka kashe ta. Ni na yi imani za a yi irin wannan tambayar a kan kowane ɗaya daga cikinsu, kuma masu amsawa suna da yawa.

Kin ambaci fitilar da direba ya hango. A 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 wadda ta haramta safarar baƙin haure, da goyon bayan Tarayyar Turai, aka fara aiki da ita gadan-gadan a 2016. Kafin nan duk ranar Litinin motoci kan fita daga Agadas a jere, da rakiyar soja, su bi ta Dirku, su tsaya a rijiyoyin da kowa ya sani. Da aka fara kama direbobi ana ƙwace motoci, tafiyar ba ta tsaya ba, sai ta koma ta dare, ta bayan gari, nesa da rijiyoyi, kuɗin mota ya ƙaru. Direban da ya san ɗauri na jiransa, in ya hango haske, sai ya zubar da mutane ya tsira da motarsa. A daidai wannan lokacin ƙanenki ya faɗa. Gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamban 2023. Waɗanda suka rubuta ta da waɗanda suka ba da kuɗin aiwatar da ita suna iya cewa rayuka suka so karewa, kuma Allah ya san niyyar kowa. Amma mai mulki ana tambayarsa sakamakon hukuncinsa a kan talakawa, har da waɗanda bai taɓa jin sunansu ba.

Yanzu ga tambayarki ta biyu. A'a, bai ci bulus ba, in har ya ci amana. Na ce "in har" domin adalcin da muke nema wa ƙanenki wajibi ne mu yi shi ga wannan mutumin ma. Akwai dillalin da ya haɗa matafiyi da direban da ya yarda da shi, abin ya zo da tsautsayi. Akwai kuma wanda ya san direban ya taɓa zubar da mutane, ya san hanyar ta canja, ya rantse wa uwa cewa kwana uku ne kamar zuwa Damagaram, ya soke kuɗi a aljihu. Ku kun fi ni sanin wanne ne naku. In na biyun ne, to ki saurara.

Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi inda Allah ya ce mutum uku Shi da kansa ne abokin husumarsu ranar alƙiyama: wanda ya yi alkawari da sunansa ya yi yaudara, da wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya gama morarsa ya hana shi ladansa. Ina karantar da wannan hadisin shekara da shekaru ina ɗaukar sayar da ɗa tamkar labarin zamanin da, har sai da CNN ta nuna bidiyo a Nuwamban 2017 ana gwanjon samari a Libiya a kan dala 400. Waɗanda suka dawo daga garin Sabha na Libiya suna ba da labarin gidan bashi, inda ake tsare mutum a kira iyayensa a waya, a dake shi suna ji, sai sun turo kuɗi. Da Hausa aka raɗa wa gidan suna, wannan kaɗai ya isa ya nuna mana akwai namu a cikin sana'ar. Game da direban kuma, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa daga cikin mutum ukun da Allah ba zai yi musu magana ba ranar alƙiyama, akwai mai rarar ruwa a daji da ya hana matafiyi. Wannan wanda ya hana ruwa ke nan. Ina ga wanda ya kai mutane inda babu ruwa da hannunsa, ya juya mota?

Zuwa Makka da sahun gaba su ne suka fi tsaya miki a rai, na gane. Malamai da yawa sun bayyana cewa hajji yana kankare abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma haƙƙin mutane yana nan sai an biya ko an yafe. Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai wane ne matsiyaci, suka ce marar kuɗi da kaya. Ya ce matsiyacin al'ummarsa shi ne wanda zai zo da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya zubar da jinin wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana ba su, in ya ƙare a kwaso zunubansu a jibga masa. A wannan kotun ba a neman fasfo kafin a saurari ƙara. Ƙanenki da bai isa ya shiga ofishin 'yan sanda a Libiya ya yi ƙorafi ba, zai tsaya ya nemi haƙƙinsa, a kuma ba shi, tunda har tunkiya marar ƙaho za a rama mata a kan mai ƙaho. Aya ta 42 ta Suratu Ibrahim ta ce kada a zaci Allah ya gafala daga abin da azzalumai ke aikatawa, jinkirta musu kawai yake yi. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Duk da haka kada ki yi masa fatan mutuwa a kan wannan hali. Ki yi fatan ya tuba, ya tako ƙafa ya zo gaban Inna ya faɗi gaskiya, ya mayar da abin da ya karɓa. Wannan ya fi muku amfani ku duka.

Akwai wata maganar da ba na son faɗa, amma amana ce. Mu ma na gida muna da rabonmu. Nawa ne daga cikin samarin nan suka tafi don an dame su da gori, an ce ɗan gidan wane ya turo an yi rufin kwano? Ban ce haka aka yi a gidanku ba. Ina faɗa ne don sauran iyayen da ke karanta wannan filin.

Sai abin da ke hannunku, domin jiran hisabin lahira ba ya ɗauke mana gyaran da za mu iya yi yau. Ku fara da bashin. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa, kuma Muslim ya ruwaito cewa shahidi ma ana gafarta masa komai ban da bashi. Ku zauna ku rubuta cikon da aka ranto da kuɗin jinginar gona, ku riƙa ragewa ko da kaɗan-kaɗan ne, ko ku nemi masu shi su yafe. Wannan ya fi yi masa amfani a kan tara jama'a a dafa abinci.

Matarsa kuma an zalunce ta da wannan shirun, ko da ba da gangan ba. A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace tana kai maganarta gaban alƙali, ya bincika, in ba a samu labari ba ya yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, kamar yadda Sayyidina Umar ya hukunta. Abin da mutane ba su lura da shi ba, ba daga ranar da mijin ya ɓace ake fara ƙirga shekarun ba, sai an kai maganar gaban alƙali. Duk shekarar da ta zauna ba a kai ba, ta tafi a banza. In kuma bai bar abin da za a ciyar da ita ba, tana da damar neman a raba auren saboda rashin ciyarwa, ba sai ta jira shekara huɗun ba. Ku tafi da yaron da ya dawo, alƙali ya ji ta bakinsa ya auna. Ku kuma kai sunan ƙanenki da hotonsa ofishin Red Cross, suna da sashen neman waɗanda suka ɓace, ba a biyan ko sisi. Ke ce babba, ki ja gaba a wannan, kada a bar yarinya ta tsufa a ɗaki tana jiran sallamar da ba ta san ranarta ba.

TAMBAYA: Malam, ni ina ganin tausayin nan ya yi yawa. Doka doka ce. Kowace ƙasa tana da ikon korar wanda ya shigo mata ba izini, kuma wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Mu ma nan baƙin haure sun cika mana gari da bara, wasu har da makamai suke shigowa. In an kore su ko sun wahala a hanya, su suka jawo.
Daga wani tsohon ma'aikacin gwamnati a Kano.

AMSA: Alhaji, na yarda da rabin maganarka. Hukuma tana da haƙƙin sanin wanda ya shigo da wanda ya fita, kuma mu da muka ga abin da makaman da suka bazu bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 suka jawo mana ba za mu ce a bar iyaka a buɗe ba. Mai shigo da bindiga a kama shi a hukunta shi. Inda muka rabu shi ne haɗa shi da matar da ta goyo ɗa tana neman abin kai wa baki, da kuma cewa duk abin da ya same su su suka jawo.

Ikon kora bai ba da ikon azabtarwa ba. Jami'an Aljeriya sukan kwaso mutane a manyan motoci su sauke su a wani fili da ake kira Point Zero, su ce su taka kilomita 15 cikin rairayi zuwa garin Assamaka na Nijar, da masu ciki da marasa lafiya. Wanda ya ba da wannan umarnin yana da doka a hannunsa, amma in rai ya salwanta a wannan tazarar za a tambaye shi. Haka jami'in da ke tsaye a shinge yana karɓar na goro daga kowace mota ya ɗaga sanda, sannan gobe ya kama fasinjan da ba shi da abin bayarwa.

Ka kuma tuna mu ma an taɓa kiranmu da wannan sunan. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice, mutanen zango da yawa suka bar gidaje da rumfunan kasuwa, har da waɗanda a can aka haife su. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan, 'yan Ghana kimanin miliyan ɗaya suka fita daga Najeriya, har jakar da suka zuba kaya ta samu sunan da muke kiranta da shi yau. Ni a kusa da Kwangwalam na tashi. Gonar kakana tana wannan gefen, kabarin kakata yana wancan, kuma layin da ya raba su Ingila da Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyinsu na farkon ƙarni na 20, ba tare da sun tambayi kowa a Daura ko Damagaram ba. Ina girmama layin nan domin zaman lafiya ya ginu a kansa, ina kuma nuna takardata in zan wuce. Amma ba zan iya ɗaukar wanda ya tsallaka shi don yunwa a matsayin wanda jininsa da mutuncinsa suka halatta ba. Sahabbai sun tsallaka teku zuwa Habasha, kuma abin da Annabi (SAW) ya yabi Najashi da shi shi ne ba a zaluntar kowa a wurinsa.

TAMBAYA: Malam, na zo Umara shekara shida da suka wuce ban koma ba. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama. Ina aikin gini da dako a Jidda, da shi nake ciyar da iyayena da 'ya'yana a gida. Wani ya ce kuɗina haram ne, sallata ma ba ta karɓuwa. Kuma wani ɗan kwangila ya riƙe mini kuɗin wata biyar, ya ce in na ƙara magana zai kira 'yan sanda a kai ni tarhil, wato a tasa ƙeyata gida. Ina matsayina?
Daga wani ɗanku a Jidda.

AMSA: Ɗana, sallarka ingantacciya ce matuƙar ka cika sharuɗɗanta, takardar iƙama ba ta cikin sharuɗɗan salla. Kada wannan maganar ta sa ka yi sakaci da ita. Game da kuɗin, abin da na fi natsuwa da shi shi ne ladan aikin halal da ka yi da ƙarfinka halal ne, iyayenka su ci hankali kwance. Laifin yana wani wurin: bizar da aka ba ka alkawari ce, ka karɓa a kan za ka yi ibada ka fita, kuma farkon Suratul Ma'ida umarni ne da cika alkawura. Zamanka ya saɓa wannan, yana kuma ƙara tsananta wa na bayanka masu neman biza da gaskiya. Kada wanda ya ruɗe ka da cewa ƙasa mai tsarki ta kowa ce don haka babu laifi. Takari sun daɗe a Hijaz, kakanninmu sun je da ƙafa ta Sudan, amma zamanin ya canja, kuma amana amana ce.

In lokacin hajji ya zo, kada ka bi masu hawa duwatsu su shiga ba tasrihi, wato takardar izinin hajji. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta ce a 2024 hakan bai halatta ba, kuma a hajjin 2024 ɗin hukuma ta sanar da mutuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin ɗari marasa tasrihi ne, waɗanda suka yi ta tafiya cikin rana babu tanti babu mota.

Shi kuwa ɗan kwangilar, shi ne mutum na uku a hadisin da na kawo wa 'yar'uwarmu ta Daura. Rashin takardarka bai halatta masa guminka ba, kuma tsoratar da kai da ya yi da tarhil wani zaluncin ne a kan na farko. Ka samu littafi ka rubuta ranakun da ka yi masa aiki, da wurin, da abin da kuka yi yarjejeniya, da sunayen waɗanda kuka yi aikin tare. Ka nemi wani dattijo daga cikin mutanenmu masu iƙama, wanda yake jin nauyinsa, ya je masa da takardar ba tare da kai ba. Sau da yawa irinsu sukan biya in sun ga maganar ta fita daga bakin wanda suka raina. In ya biya rabi ka karɓa, ka bar sauran a rubuce, kada ka ce ka yafe alhali zuciyarka ba ta yafe ba.

Sannan ka fara shirin dawowa da ƙafarka. Saudiyya ta taɓa buɗe ƙofar afuwa a 2013 da 2017, inda marasa takarda suka fita ba tara ba ɗauri. Ka riƙa bibiyar ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarku da ke Jidda, ka tabbatar kana da takardar tafiya a hannu, ka rage abin da kake kashewa ka tara na jari. Wanda aka kama a titi aka kai Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora, yakan dawo da rigar jikinsa kawai, kayansa da bashin da yake bi duk su zauna a can. Ka rubuto mini bayan dattijon ya je, in ji yadda suka yi.